Rabin Minti Kafin A Fara Ci

A Amurka, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, tsakanin azahar da magariba, akan yi wani ɗan shiru a miliyoyin gidaje. An fito da talotalo daga obin, an jera dankali da kabewa da romo a kan tebur, an samu yara sun zauna da ƙyar, an rage muryar talabijin. Sai kakar gidan ta ce a kama hannu. Kowa ya riƙe na kusa da shi, a sunkuyar da kai, mutum ɗaya ya yi addu'ar godiya. Ba ta cika wuce rabin minti ba, don abinci yana hucewa. A ce amin, cokula su fara ƙara.

A cikin masu riƙe da hannun nan akwai wanda a zuciyarsa bai yarda akwai mai jin addu'ar ba. Ƙila jikan tsohuwar ne da ya zo hutu daga jami'a, ƙila surukarta ce, ƙila ma mijinta ne wanda ya bar zuwa coci tun yara suna ƙanana, bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Irinsu suna da wani barkwanci a tsakaninsu. Wai lokacin addu'ar ne suke gane juna, domin idan kowa ya rufe ido, kai da ka bar naka a buɗe sai ka ɗaga kai ku yi ido huɗu da wani a can ƙarshen tebur.

Ba su cika ƙasar ba, amma ba su yi kaɗan ba. Babban binciken da cibiyar Pew ta yi tsakanin 2023 da 2024 ya nuna kashi 29 cikin ɗari na manyan Amurkawa ba su jingina kansu da kowane addini ba. Waɗanda ke cewa kai tsaye babu Allah, wato mulhidai, kashi 5 ne na jama'ar ƙasar. Wasu kashi 6 suna cewa abu ne da ba a iya sani. Sauran ba ruwansu da coci ne kawai, da yawansu ma sun yarda akwai Mahalicci. Ita dai cibiyar ta tambayi mutane a 2024 game da wannan rana, wato Ranar Godiya, wadda suke kira Thanksgiving, sai kashi 91 suka ce suna yin bikin, kuma kusan biyu cikin uku suka ce akan yi addu'a a teburinsu. Ko ba ka iya lissafi sosai ba, ka ga akasarin marasa addinin nan suna zaune a gaban talotalo tare da kowa.

Saboda haka ko suna yin bikin ba abin dogon zance ba ne. Suna yi, kuma ba sa jin sun saci kayan wani. Kirsimeti da Ista suna da labarin Annabi Isa a tsakiyarsu, duk wanda ya yi bikinsu ba tare da imani ba ya san akwai abin da ya tsallake. Ranar Godiya ba ta da wata ibada da aka wajabta, ba ta da littafi, ba a tilasta wa kowa zuwa coci. Tafiya gida ce da cin abinci. A 2024 an yi hasashen kusan mutum miliyan 80 za su yi balaguro a makon, filayen jirgin sama su koma kamar tashar mota ana jajiberin Sallah. Da safe akwai jerin gwanon kamfanin Macy's a New York, wanda aka fara tun 1924. Da rana akwai wasan ƙwallon Amurka, ƙungiyar Detroit Lions tana buga shi a wannan rana tun 1934. Bayahude yana yi, ɗan Hindu yana yi, Musulmin Dearborn a jihar Michigan yana sayen talotalon da aka yanka da bisimilla ya yi. Wanda bai da addini ya shigo ta ƙofar da duk waɗannan suka shigo.

Wanda zai ce ai asalin ranar ta Allah ce yana da hujja, sai dai tun farko maganar ba ta taɓa zama a wuri ɗaya ba. George Washington ya ware 26 ga Nuwamba 1789 don a gode wa Ubangiji, amma tun a zauren majalisa wani wakilin South Carolina, Thomas Tudor Tucker, ya ce wannan harka ce ta addini, ba hurumin majalisa ba ce. Thomas Jefferson da ya hau mulki ya ƙi fitar da irin wannan shela har ya sauka. A 1808 ya rubuta wa wani malamin coci, Samuel Miller, cewa azumi da addu'a ibada ne, kuma tsarin mulki bai ba shugaban ƙasa ikon tsara wa mutane ibada ba. Abokan hamayyarsa sun daɗe suna kiransa mulhidi, alhali ba shi ba ne. Abin ya zama na kowace shekara ne a 1863, bayan wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta yi shekaru tana damun shugabanni da wasiƙu. Abraham Lincoln ya amsa mata ana tsakiyar yaƙin basasa, wata uku bayan gumurzun Gettysburg, kuma shelarsa ta ambaci Allah ƙarara. Amma a 1939 da Alhamis ɗin ƙarshe ta faɗo 30 ga wata, 'yan kasuwa suka koka cewa kwanakin cinikin Kirsimeti sun yi kaɗan, Franklin Roosevelt ya jawo ranar baya da mako guda. Jihohi suka rabu, wasu ƙalilan har da Texas suka yi duka biyun, sai a 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu. Ranar da kantuna suka iya gusar da ita, da wuya a ce ta malaman coci ce su kaɗai.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambaya ta biyu: to wa suke gode wa?

G. K. Chesterton, marubucin Ingila ɗan Katolika, a littafin da ya rubuta kan Faransis na Assisi a 1923, ya jingina wa mawaƙi Rossetti wata magana da ta zama sandar dukan marasa imani har yau. Ma'anarta ita ce babu lokacin da ya fi yi wa mulhidi ciwo kamar sa'ad da godiya ta cika masa zuciya, ya waiga bai ga wanda zai miƙa wa ba. Duk shekara idan Nuwamba ta kama sai an sake fito da ita a wa'azi da jaridu. Magana ce mai kaifi, kuma kunnen da ya saba jin an tambayi mutum aiki ya ce "mun gode Allah" ba zai ji ta baƙuwa ba.

An taɓa gwada ta a bainar jama'a ba da niyya ba. Ranar 20 ga Mayu 2013 wata mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin Moore a jihar Oklahoma, ta kashe mutum 24. Washegari Wolf Blitzer na tashar CNN ya tsaya a cikin ɓaraguzai yana hira da wata mata mai riƙe da ɗanta ƙarami. Ta ɗauki yaron ta gudu a mota jim kaɗan kafin guguwar ta rushe gidansu. Blitzer ya ce mata lallai sai godiya ga Ubangiji, ya kuma sake tambayarta ko tana gode masa da ya sa ta yanke shawarar gudu. Ta ɗan yi jim, ta yi 'yar dariyar jin nauyi, ta ce ita fa ba ta yarda akwai Allah ba. Sannan ta ƙara da cewa ba ta ga laifin duk wanda ya gode masa ba. Abin da na fi lura da shi a hoton nan ba amsar ba ce, jim ɗin da ta yi ne. Ba jim ɗin mai neman wanda zai gode wa ya rasa ba ne. Jim ɗin mai lissafi ne: ta faɗi gaskiya a gaban duniya, a jihar da coci ke kowace kusurwa, ko ta ce e a wuce wurin?

Irin lissafin da ake yi ke nan a tebur. Akasarinsu suna zaɓar su yi wa kaka kara. Su riƙe hannu, su yi shiru, wasu su ce amin a ciki-ciki, wasu su haɗiye. Matsala takan taso ne idan aka ce wa mutum shi zai ja addu'ar, ko idan bikin ya dawo gidansa, iyaye masu addini suka zo baƙunta. A nan wasu kan ce "Baba, kai za ka sa mana albarka," su miƙa wa mai abin abinsa. Wasu kuma su tashi da kofi a hannu su ce a gode wa wadda ta dafa, da waɗanda suka yi doguwar tafiya, a tuna da waɗanda bara suna nan bana babu su.

Akwai kuma wata al'ada da ta sauƙaƙa wa kowa, wadda a binciken Pew ɗin nan ta ɗan fi addu'ar ma yawa. A zagaya tebur, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kansa a bana. Wani ya ce lafiya, wata ta ce aikin da ta samu, yaro ya ce karensa, a yi dariya. Ba a tambayar kowa inda ya aika godiyar. Tsohuwa ta san inda ta aika tata, jikanta ya san tasa ba ta fita daga ɗakin ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Ban san wata dabarar zaman lafiya ta cikin gida da ta fi wannan arha ba.

Amma akwai waɗanda ba su tsaya ga kara ba, suka amsa tambayar da baki. Robert Ingersoll, ɗan malamin coci, kanar a yaƙin basasa, lauya, kuma mai jawabin da mutane ke biyan kuɗi su cika zaure don su ji yana sukar addini, ya yi wani jawabi a 1897 da ya kira huɗubar Ranar Godiya. Ya ɗauki tambayar wa za a gode wa, ya amsa ta da jerin mutane: masana kimiyya, masu ƙirƙire-ƙirƙire, mawaƙa, waɗanda suka yaƙi cinikin bayi, waɗanda aka tsananta wa saboda sun faɗi abin da suka gani. Rabin jawabin faɗa ne da coci, kuma godiyar da aka yi don a ƙular da wani tana da wani ɗanɗano da ba na godiya ba.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Daniel Dennett, domin shi daga gadon asibiti ya yi tasa. A lokacin malamin falsafa ne a Jami'ar Tufts kusa da Boston, kuma ɗaya daga cikin mutum huɗu da suka fi suna a zamaninsu wajen sukar addini, tare da Richard Dawkins da Christopher Hitchens da Sam Harris. A ƙarshen 2006 babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciyarsa ta tsage. Likitoci suka yi awa tara a kansa. Suka tsayar da zuciyar, suka sanyaya jikinsa, na'ura tana juya masa jini, suka ɗinka masa bututun roba a gurbin jijiyar. Da ya farfaɗo, masu saninsa suka zuba ido su ga ko leƙa kabari ya sauya masa ra'ayi. Sai ya rubuta maƙala ya ce lallai yana cike da godiya, kuma ya san inda za ta. Ya fara da likitan zuciyar da ya daɗe yana duba shi, da masu fiɗa, da masu sa barci, da mai kula da na'urar jini. Ya gangaro kan ma'aikatan jinya, masu ɗaukar hoto, masu ɗibar jini. Bai tsaya ba sai da ya kai ga masu kawo abinci, masu share ɗaki, masu tura keken marasa lafiya, da masu wanke tulin zannuwan gadon da ya ɓata. Ya lura cewa mutanen nan daga Yuganda suke, da Kenya, da Laberiya, da Haiti, da Filifin, da Indiya, da wasu ƙasashe. Ya tuna da abokin aikinsa marigayi Allan Cormack, wanda ya samu kyautar Nobel a 1979 saboda aikin da ya haifar da na'urar hoton da ta gano ciwon. Har editocin mujallun likitanci ya gode wa, masu tace bincike don kada kuskure ya kai ga majiyyaci.

Hujjarsa ita ce godiya ga mutane bashi ce da ake iya biya: ka dasa itace, ka ciyar da maraya. A cikin maƙalar dai ya ce ya yafe wa abokan da suka yi masa addu'a, har ya ce da ƙyar ya hana kansa tambayarsu ko sun haɗa da yanka akuya. Wannan kam rashin ta-ido ne. Mutumin da ya iya ganin mai wankin zanin gado ya kamata ya iya ganin abin da ke cikin zuciyar wanda ya hana idonsa barci yana roƙa masa lafiya. Kuma ina kyautata zaton a cikin ma'aikatan nan 'yan Yuganda da Haiti da Filifin da ya yaba, akwai waɗanda da addu'a suka fito daga gida a safiyar.

Duk da haka jerin nasa ya tsaya mini a rai. Na ji addu'o'in godiya da yawa, ban cika jin an ambaci mai wanki ba. A teburin Ranar Godiya ma haka abin yake. Akwai wadda ta fito da talotalo daga firji tun ranar Litinin don ƙanƙara ta narke, ta tashi tun asuba, ta yi awa huɗu tana leƙa obin, sannan maigida ya tashi ya gode wa Ubangiji da ya shimfiɗa wannan tebur, a ci, maza su koma gaban talabijin, ita ta koma wurin wanke-wanke. Ba addini ne ya ce a manta da ita ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane, har ya nuna wanda ya kasa ta biyun bai yi ta farkon ba. Amma ɗan Adam yana son gajeriyar hanya, kuma ya fi sauƙi ka ɗaga kai sama da ka juya ka dubi matarka ka ce sannu da aiki. Wanda ya rufe wa kansa ƙofar sama ba shi da wannan gajeriyar hanyar. Dole ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wani marubucin New York, A. J. Jacobs, ya bi su har ya gaji. Shi ma ba mai addini ba ne, sai ya ɗauki al'adar gode wa manomin tumatir da direban babbar mota da mai kanti kafin a ci abinci a gidansa. Wata rana ɗansa ya ce masa, Baba, ka san fa mutanen nan ba sa jin ka. Maganar yaron ta kama shi, domin ita ce ainihin abin da mulhidai ke faɗa wa masu addu'a. Sai ya ɗauri aniyar gode wa duk wanda ke da hannu a kofin gahawarsa na safe, baki da baki ko ta waya. Ya gode wa mai haɗa ta a shago, da wanda ya zana murfin kofin, da ma'aikatan madatsun ruwan da ke shayar da New York, da matar da ke feshin ƙwari a rumbun da ake ajiye buhunan. Ya je har Kolombiya wurin manoman. Ya kai mutum dubu, ya fitar da littafi a 2018, kuma ko kusa bai ƙure layin ba.

Da wani zai yi wa talotalo irin wannan bin diddigi, da hanya ta kai shi Minnesota, jihar da ta fi kowace kiwonsa a Amurka. A garin Willmar, inda kamfanin Jennie-O yake da hedikwata, da yawa daga masu fiɗa da gyaran naman 'yan Somaliya ne da 'yan Latin Amurka. Ana ƙiyasta talotalo miliyan 46 ake ci a wannan biki. Mulhidi a Seattle ya ce ya gode wa hannayen da suka gyara naman, mai hannayen kuma a Willmar ta karɓi albashinta ta ce alhamdu lillahi.

Ƙasa guda ma ta mai da irin wannan godiya hutun gwamnati. A Japan, 23 ga Nuwamba rana ce ta godiya ga masu aiki, tun dokar 1948. Ta gaji wani tsohon bikin girbi na addinin Shinto, wanda har yanzu sarkin ƙasar yake yi a cikin fada, yana miƙa sabuwar shinkafa ga abin bautarsu. A waje kuwa 'yan makaranta ne ke zana katuna suna kai wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana.

To amma idan an gama lissafa mutane, akwai saura. Manomi ya yi noma, wa ya kawo ruwan? Matar Oklahoma tana iya gode wa masu hasashen yanayi da wanda ya ƙera motarta, amma minti biyun da suka raba ta da mutuwa fa, alhali wasu iyaye a garin sun rasa 'ya'yansu a makarantar firamare a ranar? Likitan Dennett ya ƙware, amma sau nawa ƙwararre yake yin duk abin da ya sani majiyyaci ya tafi? Wannan sauran shi Chesterton yake nufi, kuma jerin sunaye komai tsawonsa ba ya cinye shi.

Wani tsohon fim na 1965 mai suna Shenandoah ya nuna wurin da kyau. James Stewart ya fito a matsayin manomi a Virginia lokacin yaƙin basasa, wanda matarsa kafin ta rasu ta sa shi alkawarin zai yi wa yaran tarbiyyar Kirista. Saboda alkawarin yake jan addu'a a tebur, amma addu'ar tasa gori ce: su suka sare dajin, su suka yi huɗa, su suka shuka, su suka girbe, su suka dafa, da ba su yi ba da ba a ci ba, amma dai an gode. Mai kallo ya yi dariya. Can gaba yaƙi ya ci masa 'ya'ya, ya dawo ya zauna a teburin da kujeru suka yi yawa, ya fara jero wannan addu'ar, ya kasa kai ta ƙarshe, ya tashi ya fita. Gonar tana nan, guminsa ne ya gyara ta, amma ya gane akwai abin da ba gumi ne ya ba shi ba tun farko.

Marasa imani suna da amsa iri biyu game da sauran nan. Wasu suna cewa abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai godiya, wadda ake yi wa wanda ya yi maka alheri da niyya, akwai kuma murna da abin da ya faɗo maka. Ruwan sama da kaucewar guguwa sa'a ce, kuma sa'a ba ta da kunne. Suna ƙarawa da cewa wannan ya hutar da su daga tambaya mai nauyi: idan an zaɓe ni aka tsirar, me maƙwabcina ya yi aka bar shi? Wasu kuma ba sa yarda a ƙwace musu kalmar. Oliver Sacks, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Landan, wanda ya tashi a gidan Yahudawa masu riƙo da addini ya kuma bar shi tun yana saurayi, ya samu labari a farkon 2015 cewa ciwon dajin da ya fara masa a ido ya bazu zuwa hanta. Yana da shekara 81. Ya rubuta a jaridar New York Times cewa ba zai ɓoye yana jin tsoro ba, amma abin da ya fi rinjaye a zuciyarsa godiya ce, saboda ƙaunar da ya samu da wadda ya bayar, da karatu, da tafiye-tafiye, da kasancewarsa rayayye mai hankali a doron duniya. Bai ambaci wanda yake gode wa ba, bai kuma nuna rashin ya dame shi ba. Ya rasu a watan Agusta na shekarar, aka tattara maƙalu huɗu na ƙarshen rayuwarsa a ɗan littafi, aka sa masa suna Godiya da Turanci.

A ganina Chesterton ya gano wurin daidai, amma ya yi kuskuren zaton kowa yana jin zafi a wurin. Ni da na tashi da sanin mai ruwan sama, idan na karanta Sacks ina jin kamar maganarsa ta tsaya saura kalma ɗaya. Shi bai ji haka ba, kuma mutumin da ke kan gadon mutuwa ba shi da dalilin yi mini ƙarya game da abin da ke ransa. Giɓin da nake gani, daga inda nake tsaye nake ganinsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masu ƙin bikin nan da gaske ba mulhidai ba ne. Labarin da ake koya wa yara ya fara ne a Plymouth a 1621. Turawa 102 suka taso a jirgin Mayflower a 1620, sanyin hunturun farko da cuta suka kashe kusan rabinsu. Waɗanda suka rage sun rayu ne saboda mutanen Wampanoag, 'yan asalin yankin, musamman wani mai suna Tisquantum, wanda Turawa suka taɓa sacewa suka kai Turai, ya dawo ya tarar annoba ta share garinsu. Shi ya koya musu shuka masara da kifi a matsayin taki, ya yi musu tafinta. Da kaka ta yi aka yi kwana uku ana ci, sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutum kusan 90, suka kawo barewa biyar. Su Turawan ba su kira wannan ranar godiya ba. A wurinsu ranar godiya ibada ce, irin wadda suka yi a 1623 da ruwa ya sauka bayan fari. Gwamnansu William Bradford da ya zo rubuta tarihi, sai ya bayyana Tisquantum a matsayin wani makami da Allah ya aiko musu. Shekara hamsin da 'yan kai bayan walimar, 'ya'yan waɗanda aka ciyar suka yaƙi ɗan Massasoit, Metacom, suka kashe shi a 1676, suka kafe kansa a kan sanda a Plymouth, suka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

A 1970, da ake bikin cika shekara 350 da saukar jirgin, hukumomin Massachusetts suka gayyaci wani ɗan Wampanoag, Wamsutta Frank James, ya yi jawabi a wurin liyafa. Suka nemi ganin takardar tukuna. Da suka karanta suka ce ba za a faɗi wannan a wurin ba, suka ba shi wata da suka rubuta, ya ƙi karɓa. Ranar Godiya ta shekarar ya hau tudun Cole's Hill, kusa da mutum-mutumin Massasoit, ya yi wa jama'arsa magana a can. Tun daga lokacin duk shekara suna taruwa a wurin da tsakar rana, suna kiranta Ranar Makoki. Da yawansu masu addini ne, na gargajiya ko na Kirista, kuma al'adunsu cike suke da bukukuwan godiya tun kafin wani jirgi ya iso. Wasu sukan kama azumi tun faɗuwar ranar Laraba, sai an gama jawabai da tattaki a cikin garin sannan su ci abinci.